Bawul ɗin Gindin Tsamiya

Na yi aikin ruwa har furfura ta cika mini kai, na kwance bawul iri-iri, manya da ƙanana, yawancinsu ko garin da suke ma na manta. Amma akwai guda ɗaya da ko daga barci aka tashe ni zan iya zana shi a ƙasa da yatsa. Shi kam na san ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni.

Lokacin jiharmu ta Zamfara tana sabuwa, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba. Ina zaune a Ƙauran Namoda, ni ne mai gyaran manyan bututu a ofishin ruwa, yau a tura ni Shinkafi, gobe Zurmi, jibi wani ƙauyen da mota ma da ƙyar take shiga. Ga wanda bai sani ba, bawul makullin ruwa ne, ƙaton ƙarfe da ake ɗaurawa a tsakiyar bututu, da sitiyari a kansa. In ka murɗa, wata ƙofar ƙarfe ta ɗaga a cikinsa ruwa ya wuce, in ka murɗa baya ta sauka ta datse. Aikin ke nan, ba wani siddabaru a ciki. Ni kuwa a wancan zamanin mutum ne mai saurin fushi da raina tsoron mutane, in aka ce mini wuri yana da iskoki sai na yi dariya tukuna sannan in tambayi hanya.

Tsakiyar bazara aka aiko daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi, wanda sai ka bar titin Shinkafi daga Moriki ka yi gabas. An ce burtsatsensu lafiya lau, tanki a cike, amma babban bawul ɗin gindin tankin an rufe shi wata rana da yamma kamar yadda aka saba, ya ƙi buɗuwa. Mata da yara sun koma tonon yashi a busasshen gulbi. Muka kama hanya da direban ofis, wanda kuma taubashina ne, ɗan kawuna, mutumin da bai taɓa barina na sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Tun kafin mu kai Moriki ya ce, “Kai da sifana kad ɗauko, ni kau ji niy yi aikin ga na malamai na. In abin ya kama ka, ni ba ni tsayawa, in gaya ma tun yanzu.” Na ce masa ya kula da ramukan hanya, shi ne aikinsa.

Abin da ya fara damuna da muka isa shi ne shirun. Ko'ina aka yi tankin ruwa za ka tarar da hayaniya, ko babu ruwan yara za su zo wasa, awaki za su zo neman laima. Nan kuwa fili ne fetal, ko kaza babu. Gefen bututun akwai wani faffaɗan wuri da aka tone aka mayar da ƙasa, ga toka, ga ɓarɓashin itace. Mutane suka fito suka tsaya can nesa, babu wanda ya tako zuwa inda muke sai mai gari da wani matashin malami, dogo, mai natsuwa, wanda aka ce shi ne shugaban 'yan agajin garin.

Malamin ne ya ba ni labari, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, cikin ladabi ya yi magana. Ya ce a da wata tsohuwar tsamiya ce a wurin, ita take yi wa bawul ɗin inuwa. Akwai kuma wata tsohuwa, ungozomar garin, wadda kullum da safe take zuwa da 'yar ƙwarya ta zuba ruwa a gindin tsamiyar tana motsa baki. Da aka ce yanzu Shari'a ake yi, shi da samarinsa suka ga wannan shirka ce a fili, suka sare itacen, suka tone kututturen da saiwoyinsa suka ƙone. Ba a jima ba bawul ya ƙi motsi. Tsohuwar kuma ba ta fasa ba, ko yanzu da ruwa ya zama abin nema sai ta jawo ƙafa daga gulbi ta zo ta zuba a inda itacen yake. “Kuma da rana tsaka ƙarhen ga kuka yakai,” in ji shi. “Za ka ji da kunnenka.”

Mai gari ya ƙara da cewa an gama magana. Ranar kasuwa mai zuwa za a kai tsohuwar gaban alƙali a Zurmi a kan ta ɗaure ruwan gari, kuma ko me alƙali ya yanke, garin nan ta bar shi. Ba ta da ɗa ko jika a raye, ba ta da inda za ta. Tuni maƙwabta suka daina ba ta wuta, suka daina amsa sallamarta. Ni ma na yi murna da zuwan Shari'a kamar kowa, amma wannan magana ba ta yi mini daɗi ba. Na fahimci in bawul ɗin nan bai buɗu ba, kuma ban nuna musu dalili da idonsu ba, tsohuwar nan a titi za ta ƙare kwanakinta.

Da na duƙa kan ƙarfen sai fushi ya kore mini tausayi. An zura dogon bututu a sitiyarin an taru an danna har ƙafarsa ɗaya ta tsage, ga tabon guduma ko'ina a jikinsa. Na ɗaga murya na ce, “Wane mara tausai yay yi ma ƙarhe wanga duka? Jaki na?” Na bi abin a hankali yadda aka koya mini. Na wanke sandar da sitiyarin yake juyawa da kananzir, na goge tsatsa, na shafa giris. Na sassauta notinan wuyansa, don sau da yawa masu gudun yoyo su ne suke ɗaure wuyan har ya shaƙe sandar. Na ɗan bubbuga jikinsa ko yashi ne ya taru a ƙofar. Na ɗaga kai na auna tankin da ido, na ga bai kai tsayin da nauyin ruwansa zai danne ƙofa haka ba. Duk abin da na sani yana hana bawul juyawa na duba, ban samu ko ɗaya ba.

Sai na kama sitiyarin da hannu biyu na murɗa. Ya ɗan motsa, bai fi faɗin yatsu biyu ba, ya tsaya cik. Na saki. Ina kallo, babu hannun kowa a kai, ya koma inda yake a hankali. Na sake murɗawa, na sake saki, ya sake komawa. Ƙarfen da tsatsa ta ci ba ya yin haka, in ya tsaya ya tsaya ke nan. Wannan ji na yi kamar akwai mai riƙe da shi daga ciki yana jira in gaji.

Ina cikin haka na ga taron ya dare gida biyu, mata suna janye yaransu. Wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce ta taho da sanda, zanenta ya koɗe, idonta ɗaya ya yi fari. Ta tsaya ɗan nesa ta ce, “Sannu da aiki, ɗana.” Na ce, “Yauwa Inna, sannu da rana.” Da na waiga sai na ga duk idanu a kaina suke, kamar na yi wani babban saɓo. Ita kuwa ta daɗe tana duban ƙasar da aka tone, ba ta ko kalli bawul ɗin ba, sannan ta juya ta tafi.

Rana ta take tsaka, ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa sai da tsumma. A nan na ji shi. Wani nishi ne mai tsawo, daga ƙasa-ƙasa, ya taso ta cikin bututun ya ratsa tafin ƙafata, ya yi shiru, ya sake tasowa. Duk wanda ya taɓa zama a zaure matarsa tana naƙuda a ciki ya san irin wannan nishin. Mutane suka ja da baya suna salati. Taubashina, wanda ya cika ni da surutu tun safe, na neme shi na rasa, ashe yana cikin mota ya ɗaga gilashi a wannan zafin.

Mu masu aikin ruwa muna da wata dabara, ka kafa bakin sukundireba a jikin ƙarfe ka ɗora kunne a kan mariƙinsa, sai ka ji abin da ke gudana a ciki. Na yi haka don in nuna wa mutane ba tsoro nake ji ba. Da ma ban yi ba. Can ƙarƙashin nishin akwai wata siririyar murya, tana yankewa tana dawowa, sak kukan jariri sabon haihuwa. Na ji tsoro ƙwarai, irin wanda ban taɓa ji ba a kan aiki, na kama karanta Ayatul Kursiyyu a zuci ina tuntuɓe a kan ayar da na haddace tun ina yaro.

Kiran sallar azahar ne ya cece ni daga kunyar gudu. Bayan mun idar ban koma wurin ba, na zauna a inuwar motarmu ina hangen bututun daga nesa, ina tunanin abin da zan gaya wa mai gari. Daga nan ne idona ya ga abin da ban gani ba ina kusa. Bututun ba a miƙe yake ba. Daidai inda aka tone kututturen ya ɗan lotsa ƙasa, kaɗan ne, amma ya lotsa. Na tashi na je na kwanta rubda ciki na leƙa ƙarƙashinsa, sai ga wani wuri da babu tsatsa, da ɗan ɓawon itace manne a jiki.

Na kira malamin na ce, “Da kunka sare iccen ga, akwai saiwa ƙarƙashin bututun?” Ya ce akwai wata ƙatuwa, kaurin cinyar mutum, ita ta fi ba su wahala. Nan na gane abin da ya faru. Shekara da shekaru bututun a kan saiwar nan yake kwance. Da aka cire ta, ƙasa ta zauna, sai nauyin bututun da ruwan cikinsa duk ya rataya a wuyan bawul ɗin, ya ɗan murɗe jikinsa, ƙofar ciki ta maƙale. Ga shi an ɗauke masa inuwa, rana tana buɗa ƙarfen da ba shi da wurin miƙewa, dole ya yi nishi. Na gaya musu haka, na ce maganin shi ne a tona ƙarƙashi a sa jak ɗin mota a ɗaga bututun, a yi masa matashi da bulo da siminti. Suka saurare ni, amma na ga a fuskokinsu ba su yarda ba.

Babu wanda ya yarda ya taɓa ƙasar wurin. Na ɗauki diga da kaina, na je na fito da taubashina daga mota da zagi, ya karɓi shebur yana gunaguni. Can sai malamin ya naɗe hannun rigarsa ya shigo, ya ce ba zai sa baƙi aikin da shi yake tsoro ba. Ƙasar sama busasshiya ce, amma muna nisa kaɗan sai ta koma mai laima, mai sanyi, a tsakiyar bazarar da ko gulbi ya ƙafe. Da muka wuce inda samarin suka tsaya da tononsu, sai digata ta daki wani abu ya yi ƙara. Na sa hannu na share, na ga guntun kasko ne a kife. Na share gefensa, ga wani. Gefen wannan ma ga wani. Tsingaro ne na tukwane da kasake, an kifa su a jere kusa da juna, wasu a kan wasu, iya inda hannuna ya kai. Na ɗaga ɗaya, babu komai a ƙasansa sai baƙar ƙasa da ɗan ruɓaɓɓen tsumma.

Duk bayanin da na yi na saiwa da rana ya tashi a banza. Kalmar tsafi ta zagaye taron, samari suka ruga suka taho da tsohuwar, wani yana riƙe da hannunta kamar za ta iya gudu. Ni kaina ina tsaye cikin ramin, na ce a raina shi ke nan, da hannuna na tono mata abin da zai kore ta.

Ta zo bakin ramin ta leƙa da idonta mai gani. Ba ta firgita ba. Ta ce, “Ɗana, yi sannu da digar ga, kak ka hwasa su.” Malamin ya ce, “Inna, mi na na wanga? Hwaɗi gaban jama'a.” Ta dube shi ta ce, “Cibiyoyinku na.”

Ta ce tun zamanin kakarta, wadda ita ma ungozoma ce, duk yaron da aka haifa a garin nan a gindin tsamiyar ake binne mabiyiyarsa da cibiyarsa, a kifa guntun kasko a kai, saboda gidajen garin a kan fako suke, ba sa tonuwa. Wadda ta koya mata aikin ta ce kada a bar wurin ya bushe ya tsage har karnuka su tone, shi ya sa take zuba ruwa. “Bakin da kuka ganin ina motsawa kau, sunayenku nika kira. In ce Allah shi raya wane, Allah shi shirya wance. Waɗanda sunka riga mu, in ce Allah shi jiƙansu.” Mai gari ya ce, “To don mi ba ki hwaɗi ba tun da hwarko?” Ta ce, “Wa yat tambaye ni? Kuma maganar biƙi, ranka shi daɗe, ni ban taɓa jin an yi ta gaban maza ba.”

Daga bayan taron na ji shessheƙa. Matan garin ne. Ashe duk wadda ta taɓa haihuwa ta san abin da ke gindin tsamiyar nan, kunya da tsoro suka hana kowace buɗe baki, har abin ya kai inda ya kai.

Tsohuwar ta miƙa sandarta cikin ramin, ta wuce kaskon farko da na biyu, ta taɓa wani mai baƙin baki kusa da ƙafar malamin. Ta ce, “Wagga taka ta. Kaskon tuyar uwarka na, ya hwaɗi daga hannunta ya hwashe sa'ad da naƙuda tat taso mata. Ita ba ta kai ranar sunanka ba. Ni nib ba ka ruwan hwari.”

Ban taɓa ganin dogon mutum ya naɗe haka ba. Ya durƙusa cikin ramin, ya daɗe yana kallon guntun kaskon nan, hawaye suna sauka a gemunsa. Sannan ya sa hannu biyu ya mayar da ƙasa a kai, a hankali, ya ce, “Inna, ki gahwarta mani.” Ta ce, “Tashi, rigarka tana ɓaci. Kullum da sahe ina gahwarta maka, ba yau ba.”

Muka matsa gefe muka yi wani ramin inda babu kasko. Na sassauta notinan da suka haɗa bawul da bututu, na kafa jak a kan faffaɗan dutse, taubashina yana bugawa ina kallon layin. Can ƙarfen ya yi wata ƙara guda ɗaya ya zauna daidai. Muka jera bulo, muka dama siminti da ruwan da wata mata ta kawo ba tare da an roƙe ta ba, na ɗaure notinan. Na kama sitiyarin da hannu ɗaya, ya juya kamar ba shi ne ya gagari samarin gari ba. Muka ji ruwa ya ruga cikin bututun zuwa gari. Babu wanda ya yi guɗa ko kabbara da ƙarfi, mutane suka watse a hankali suna ɗaukar bokitai. Na ce wa mai gari a yi wa bawul ɗin rumfar zana kafin gobe da rana, na kuma ce duk wanda ya sake kusantarsa da guduma ni da shi ne.

A hanyar komawa taubashina ya ce shi da ma ya san ba iskoki ba ne, zafi ne ya sa shi shiga mota. Ni kuwa hankalina yana kan muryar nan da na ji. Na san bayaninta, ruwa ne yake matsewa ta 'yar kafar da ƙofar da ta karkace ta bari, na ma koyar da hakan ga waɗanda suka zo bayana. Amma na saurari bawul masu yoyon ciki ba iyaka tun daga ranar, ban sake jin wanda ya yi kuka irin wannan ba.

Ba a kai tsohuwar Zurmi ba. Na ji labarin ta rasu da daminar shekarar, a ɗakinta, malamin nan ne ya yi mata salla. Bayan wasu shekaru aiki ya sake bi da ni ta garin, na tarar rumfar zanar ta daɗe da rushewa, amma bawul ɗin yana cikin inuwa. Wata 'yar tsamiya ce ta fito a gefensa har ta fi ni tsawo. Na tambaya wa ya shuka, kowa ya ce bai sani ba. Na duƙa na taɓa gindinta, ƙasar da laima, an zuba ruwa da safen nan. Wannan ma ban sami wanda ya ce shi ne ba. Sabon ma'aikacin da ke tare da ni ya ce a sare ta kada saiwa ta ɓata bututu, na ce masa in ya taɓa ta a bakin aikinsa.

Abin da ranar nan ta koya mini ya bi ni har gida, bai tsaya a kan ƙarfe ba. In abu ya ƙi motsi, na daina fara neman dogon bututu da guduma, na daina fara neman wanda za a ɗora wa laifi. Nakan ja da baya in duba me aka cire masa wanda yake jingine da shi, in kuma tambayi wanda kowa ya ƙi tambaya. Garin nan kaɗan ya rage su kori matar da take kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah kowace safiya, don kawai babu wanda ya tsaya ya ce mata, Inna, me kike zuba wa ruwa.